Shekarar da Na Ajiye Allura Na Nemi Kansila

Ku sababbin likitoci, ku jawo kujeru ku zauna. Tun da aka turo ku asibitin nan nake jin abin da kuke faɗa a bayan idona, wai aikin emajensi ba wani abu ba ne, ɗinki ne da ƙarin ruwa, sai a tura mutum gaba wurin manyan likitoci. Jiya kuma ɗayanku, ba zan kama suna ba, ya ce shi ɗan lokaci kaɗan zai yi a nan ya wuce siyasa, don a can ake gyara ƙasa. To madalla. Ni na yi duka biyun. Ɗaya na yi shi har furfura ta cika mini kai, ɗayan sau ɗaya na taɓa shi, ya kuwa ishe ni har kabari.

A farkon shekarun tamanin aka kawo ni wani asibitin gwamnati a kudancin kogi, ina sabon likita, rigata fara fat, ina jin babu abin da ban karanta ba. Ban yi sati ba, wata safiya bas ɗin ma'aikatan masaƙa ta yi karo da tipa a hanyar Kakuri. Aka kwaso mutane a bayan a-kori-kura aka zube mana su a baranda. Wani ƙato yana ta kururuwa, "Wayyo ƙafata! Dakta, ƙafata!" Na ruga wurinsa. Sai na ji an finciko wuyan rigata ta baya. Dakta Pam ne, shugaban sashenmu, mutumin Filato, gajere, wanda ba a ganin haƙoransa sai ranar Kirsimeti.

Ya ce, "Ina za ka, Ishaya?"

Na ce, "Oga, wannan yana jin zafi sosai."

Ya ce, "Mai ihu yana da iska a ƙirjinsa. Ka ga wancan da ya jingina da bango, ya yi shiru kamar mai jiran mota? Je ka taɓa hannunsa."

Na je na taɓa. Sanyi ƙalau, gumi na tsattsafo masa, leɓensa ya yi fari. Ko ƙwarzane babu a jikinsa, amma saifarsa ta fashe, jini na zuba a cikin cikinsa. Da gudu muka shiga da shi tiyata, ya kuwa rayu. Mai ihun nan targaɗe ne ya yi, da ƙafarsa ya koma gida yana zaginmu wai mun bar shi yana jira. Wannan shi ne aikin. Kafin ka ɗauki almakashi, idonka ya riga ya zagaye ɗakin ya san wanda zai iya jira da wanda ba zai iya ba. Ku nuna mini shafin littafin da zai sa muku wannan a ido.

Ɗinkin da kuka raina ɗin ma, kun san yadda na koye shi? Wani kafinta daga Narayi ya zo zarto ya tsaga masa tafin hannu. Na ɗinke, ina jin na yi gwaninta. Dakta Pam ya duba ya ce buhun masara ma an fi ɗinke shi da mutunci. Ya warware ya sake a gabana, yana nuna mini jijiyar da ke motsa yatsa, yana cewa in ka haɗa fata ka bar wannan, ka mai da kafinta maroƙi. Washegari ya aike ni mahauta na sayo ƙafar saniya. A kanta na yi ta ɗinki ina warwarewa har ta fara wari, a sayo wata. Ƙullin zare kuwa a ƙafar kujera na koye shi, da hannun dama, da na hagu, sannan ido a rufe, don ya ce wata rana za a ɗauke wuta hannunka na cikin cikin mutum. An kuwa ɗauke, ba sau ɗaya ba.

Kayan aikinmu duka tire ɗaya ya ɗauke su: almakashi, hantsaki, abin riƙe allura, abin danne jijiyar jini, sai abin sauraren ƙirji da kowa ke rataye da nasa. Allurar ruwa ta gilashi ce, ba a yar da ita, a tukunya ake dafa ta a kan risho. In bakinta ya dakushe a wasa shi a dutse. Tocila kuwa kowane likita da tasa a aljihu, wadda ya saya da kansa. Ku yanzu kuna yage leda ku zaro sabon abu ku jefar, har kuna ƙorafin wai safar hannu ta yi muku yawa a yatsa.

Sai masu zuwa. Ranar da aka biya albashi a masana'antu, da rana tsaka za ka fara ganin waɗanda suka sha burkutu suka tuna tsohuwar gaba, wannan an fasa masa kwalba a ka, wanda ya fasa masa ɗin kuma yana gadon kusa, suna ci gaba da zage-zage kana ɗinki. Ga uwa da ɗanta ya sha kananzir da aka zuba a kwalbar lemo. Ga manomi daga Kamazou maciji ya sare shi, an ɗaure ƙafar da roba tamau har ta fi saran haɗari. Ga babban mutum da babbar riga, ciwon kai ne ya kawo shi, yana tambayarka ko ka san ko shi wane ne, alhali hannunka na danne da wuyan wani da ke zubar da jini. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne wani direba da ya karye a cinya. Mun daidaita ƙashin, mun rataye ƙafar, ba abin da ya rage sai haƙuri. 'Yan uwansa suka zo suka ce turawa ba su san ƙashi ba, suka ɗauke shi zuwa wurin mai ɗori. Da suka dawo da shi, tun daga bakin ƙofa hanci ya gaya mana abin da za a yi. Muka yanke ƙafar. Har yau a unguwarsu ana cewa asibiti ne ya cinye masa ƙafa.

Duk wannan da sauƙi a kan shekarar babu. Haka muke kiranta, don duk abin da ka aika a karɓo daga sito, amsar ɗaya ce. Tattalin arziki ya karye, masaƙu suna ta sallamar ma'aikata, mutane ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya ci ƙarfinsu. Safar hannu wankewa muke yi mu shanya a igiya bayan ɗaki kamar kayan jarirai. Zaren ɗinki ya ƙare, muka koma dafa zaren tela. Motar asibiti tana zaune a kan duwatsu babu taya, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Likitocin ƙasashen waje da ke taimaka mana suka tattara suka tafi, aka bar ni da Dakta Pam.

A daminar shekarar aka kawo Hannatu. Matar wani manomi ce a Kamazou, wanda a lokacin ƙauye ne, ba gidajen da kuke gani yanzu ba. Ta haihu lafiya da asuba, mabiyiya ta ƙi fita, jini ya ɓalle. An sami mota, amma ruwan sama ya cika rafin da ke tsakaninsu da titi, mota ba ta iya ƙetarewa. Sai maza suka cire ƙyauren ɗaki suka ɗora ta a kai, suka tsaya a bakin rafi suna jiran ruwa ya ja baya, sannan suka ratsa da ita ruwa iya ƙirji. Da hantsi suka iso. Na sa hannu na fitar da mabiyiyar, wannan ba wuya. Allurar da ke sa mahaifa ta tsuke, babu. Na tura mijinta kemis da gudu ya sayo. Jini, babu, firjin ajiyar jini ya daɗe da mutuwa. Mazan da suka ɗauko ta suka nannaɗe hannun riga suka ce a ɗebi nasu. Ledar da za a ɗiba a ciki, babu. Na danne cikinta da hannuna ina jira. Kafin mijin ya dawo da allurar, Hannatu ta cika.

Dakta Pam ya ja mata zane ya rufe fuskarta, ya ce, "Ba a nan ta mutu ba. A bakin rafi ta mutu, gawar ce ta ƙaraso tana numfashi."

Ba a jima sosai ba gwamnatin soja ta ce za a yi zaɓen ƙananan hukumomi, babu jam'iyya, kowa ya tsaya da sunansa. Na zauna na yi lissafi irin na likita. Kwalbati a rafin nan, tayoyi a motar asibiti. Ba abin da ya fi ƙarfin kansila ba ne. Na ce maimakon in yi ta tarar gawa a baranda, bari in je inda ake hana ta zuwa. Na gaya wa Dakta Pam. Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau.

Ya ce, "Kai da ko majiyyaci ba ka iya ce masa allura ba zafi, me za ka je ka faɗa a siyasa?"

Na ce, "Gaskiya zan faɗa, Oga."

Ya ce, "To Allah ya ba da sa'a. Ka dai san doka, ma'aikacin gwamnati ba ya takara sai ya ajiye aiki."

Na sani. Na ajiye. Abin da matata ta ce a kan haka ba na kunnenku ba ne.

Ɗan kawuna Danjuma, wanda masaƙa ta sallama yana zaman banza, shi ya naɗa kansa shugaban yaƙin neman zaɓe, ba wanda ya roƙe shi. Shi ya dage a buga hotona da farar riga da abin sauraren ƙirji a wuya, wai don mutane su gane ni. Sun kuwa gane ni. Taronmu na farko a filin makarantar firamare a Narayi, jama'a ta cika maƙil. Na hau kan benci na fara bayanin kwalbati. Ban yi nisa ba wani tsoho ya ɗaga hannu. Na ji daɗi, na ce ga mai tambaya.

Ya ce, "Likita, wannan ƙullutun da ya fito mini a hammata fa?" Ya ɗage riga.

Kafin in ba shi amsa, layi ya miƙe a bayansa. Mai tari, mai ciwon gwiwa, mai jariri da zawo. Na sauko daga benci na duba su har rana ta faɗi. Danjuma yana ta murna yana cewa, "Yaya, ka ga jama'a? Mun gama da su!" Na ce masa wannan ba jama'ar zaɓe ba ce, layin asibiti ne ya biyo ni fili. Haka kowane taro ya zama. Ba na jin akwai inda na kai ƙarshen jawabina ko sau ɗaya.

In kuma an yi tambayar siyasa, nan ma wata masifar ce. Wani dattijo a Kamazou ya ce, "Ɗana, in mun zaɓe ka za ka kawo mana ruwan famfo da lantarki?" Na ce, "Baba, wannan ba ya hannun kansila. Abin da zan iya shi ne kwalbati." Danjuma ya taka mini ƙafa har sai da na yi ƙara. A hanya ya ce, "Yaya, cewa za ka yi in Allah ya yarda! Wa ya taɓa kama mutum da in Allah ya yarda?"

Abokin takarata Markus ne, mai buga bulo da sayar da siminti. Shi da makaɗa yake zuwa, ya yi rawa, ya yi alkawarin kasuwa mai bene da filin ƙwallo. Na shirya wa zagi, na tanadi amsa. Mutumin nan bai taɓa zagina ba. Yabona yake yi. Sai ya cire hula ya sunkuyar da kai ya nuna tabo, ya ce, "Kun ga nan? Dakta Ishaya ne ya ɗinke ni lokacin da bulo ya faɗo mini. Hannunsa hannun Allah ne. Yanzu irin wannan hannu za mu ɗauka mu kai sakatariya yana sa hannu a takardar harajin kasuwa? Haba jama'a! Ni ku tura ni, ni ba ni da wani amfani a asibiti." A yi ta dariya ana tafi. Ni ma da aka ba ni labari dariya na yi, na ce wannan wawa yana yi mini kamfen kyauta.

Ana saura kwanaki kaɗan zaɓe muka je ƙofar wata masana'anta a Kudenda, lokacin canjin aiki na rana, don mu gaisa da ma'aikata. Ina cikin miƙa hannu sai ihu ya tashi daga ciki. Aka fito da wani saurayi, Luka, inji ya kama masa hannu daga wuyan hannu zuwa gwiwa, jini na tsartuwa. Abokansa sun naɗe wurin da tsumman goge inji. Na cire bel ɗina na ɗaure damtsen, na sa aka ɗaga hannun sama, muka shiga motar da muka yi haya don kamfen, lasifika a kanta, Danjuma na ihu a ciki a ba mu hanya. Lasifikar nan ba ta taɓa yin abin kirki ba tun da muka ɗauko ta sai ranar.

A ƙofar emajensi na tsaya, don ni ba ma'aikaci ba ne yanzu. Dakta Pam ya leƙo, ya dubi hannun, ya dube ni. Ya ce, "Ɗan siyasa, tsayuwar me kake yi? Wanke hannu." Muka shiga tare. Muka ɗaure jijiyoyin jini, muka wanke baƙin mai daga cikin naman, muka bi jijiyoyin yatsu ɗaya bayan ɗaya muna haɗawa. Da muka gama na ce wa Luka ya motsa babban yatsa. Ya motsa.

Kafin gari ya waye labari ya zagaye Kudenda da Narayi da Kamazou. Danjuma har ya fara tambayar tela nawa ne ɗinkin babbar riga ta ranar rantsuwa.

Aka yi zaɓe. Na sha ƙasa, ba kaɗan ba. Har akwatin da ke kusa da cocinmu, inda nake zaton ko barci nake zan ci, Markus ne ya kwashe. Danjuma ya ce maguɗi ne, mu kai ƙara. Na ce ya bar ni in huta.

Ranar Lahadi bayan sujada ina zaune a baranda sai na ji waƙa tana tunkaro gidana. Matan zumunta ne na coci, da anko, da tulun kiɗa, wata ta riƙe zakara, wata da doya a ka. A gabansu shugabarsu, Mama Saratu, mai sayar da hatsi a kasuwa. Ita ce mahaifiyar Luka. Na ɗauka jaje suka zo, na tashi na gyara fuska.

Ta ce, "Dakta, barka! Barka da arziki!"

Na ce, "Mama, barka da me? Faɗuwa na yi."

Ta ce, "Ai shi ne. Allah ya ji kukanmu. Tun ranar da ka gyara hannun Luka na tara mata na ce, in muka bar mutumin nan ya tafi sakatariya, gobe in inji ya kama ɗan wata wa zai ɗinke shi? Markus? Muka yi azumi, muka bi gida-gida, har matan Musulmi na layin masallaci muka shiga muka roƙa kada a zaɓe ka, suka ce ai su ma abin da ke ransu ke nan. Kowace ta ja kunnen mijinta." Ta juya ta karɓi zakaran ta miƙo mini. "Ka huta gajiya. Gobe Litinin sai aiki ko?"

Na ce, "Wane aiki, Mama?"

"Asibiti mana."

Na ce, "Na ajiye aikin. Sai da na ajiye aka yarda in tsaya. Yanzu ni ba kansila ba, ba likitan gwamnati ba. Kuma an dakatar da ɗaukar ma'aikata, ko na nema ba za a mayar da ni ba."

Tulun kiɗa ya yi shiru. Ashe su a zatonsu hutu na ɗauka. Mama Saratu ta tsaya da zakara a hannu, ta dubi matan, ta dube ni, ta ce, "To kai me ya sa ba ka faɗa ba?"

Na ce, "A wane taron kuka bar ni na gama magana?"

Na yi watanni a gida. Dakta Pam shi kaɗai a emajensi, ga tsufa. Mutane suka mai da barandata asibiti, ina ɗinki a kan teburin cin abinci, ina dafa allura a tukunyar matata. Wanda ya fi ƙarfin baranda in tura shi can ya bi layi. Ni dai na kai takardar neman komawa ma'aikatar lafiya, aka ce a jira.

Matan nan ba su jira ba. Suka ɗaura ankonsu suka shiga bas suka ƙetare gada zuwa ma'aikatar. Ba su zagi kowa ba, ba su fasa komai ba. Tabarma suka shimfiɗa a harabar, suka zauna suna waƙoƙin coci tun daga buɗe ofis har tashi. Washegari suka koma, sun ƙaru, har da mazan da masaƙa ta sallama da 'yan kasuwa. Danjuma ya je ya gani ya dawo yana riƙe da baki, ya ce, "Yaya, da rabin wannan taron muka samu a akwati, da yanzu gwamna ake maganar ka nema." Babban sakataren ya gaji da jin waƙa ta taga, ya aiko a kira ni. Aka mayar da ni, amma a matsayin sabon ɗauka, duk shekarun da na yi a baya suka bi ruwa. Waɗanda na koya wa ƙulla zare suka zama gaba da ni a albashi.

Kwalbatin kuwa an gina. Markus ne ya gina, tunda shi ke sayar da siminti da bulo, kuma tsakani da Allah ya ginu, har yau yana nan. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce tun yana yaro yake mafarkin wannan aiki.

Ranar da na koma, ina saka farar riga sai ga Mama Saratu a ƙofar emajensi, ba ta da ciwon komai, ta zo ne ta tabbatar da idonta. Ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa, ta gyaɗa kai, ta juya za ta tafi. Sai ta dawo.

Ta ce, "Dakta, in ka sake jin sha'awar takara, don Allah ka gaya mana da wuri. Wancan karon a ƙurarren lokaci muka yi aikin, ƙafafuna har yanzu ba su daina ciwo ba."

Na ce ta hau gado in duba ƙafafun.